Ni da Ba Na Sha, Na Yini a Mashayar Masham

Baba ne ya ɗauko zancen wani dare muna kicin, ni ina dafa taliya, shi yana ɗauraye kofin shayinsa. Baba nake kiransa tun ranar da na kama hayar ɗaki a gidansa a Leeds. Bature ne ɗan shekara saba'in da 'yan kai, tsohon malamin makaranta, matarsa ta rasu, 'ya'yan duk sun watse neman abinci. Da farko ya ce in riƙa kiran sunansa yadda suke yi a nan. Na ce masa bakina ba zai iya ba, a garinmu mutumin da ya isa ya haife ka ba ka kama sunansa gatsal. Ya yi dariya ya ƙyale ni.

"Kana da lasin tuƙi, ko?"

Na ce ina da na gida, kuma dokarsu ta yarda in yi tuƙi da shi har shekara guda.

"Kuma ba ka sha."

"Ko ɗigo, Baba."

Ya ajiye kofin. "To ai kai nake nema shekara da shekaru."

Abin da yake so shi ne in kai shi Masham ranar Asabar, wani ɗan garin kasuwa a arewacin Yorkshire, ya zauna a mashayar da suka saba zuwa da matarsa, ya sha abin da suke kira real ale, wato giyar gaskiya ko giyar asali, in kuma dawo da shi gida lafiya. Shi ba ya sha ya yi tuƙi, motar haya kuma daga can ba ta kai dare.

Na kwana ina juya abin. Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Na san abin da malamai suka ce game da zama a teburin da ake shan barasa, kuma ban zo nan in ba kowa fatawa ba. Amma wannan dattijo ne da ya daina ajiye naman alade a firjin da muke tarayya ba tare da na roƙe shi ba, ya kuma rage ƙarar rediyonsa duk lokacin da ya ji na tayar da salla. Ga shi kuma tun da na zo ƙasar nan nake jin pub kaza, pub kaza, wato mashaya, kowace hira can take ƙarewa, ni kuwa ban taɓa leƙa ko ɗaya ba. Gani ya kori ji. Da safe na ce masa ya sa sunana a inshorar motar.

Muka bi ta Harrogate da Ripon. Tuƙi a hannun hagu bai dame ni a babban titi ba, sai da muka bar Ripon hanya ta tsuke, katangun duwatsu da aka jera ba siminti suka sa mu a tsakiya, kowace kwana sai in ji kamar zan goge madubi. Baba yana gefe yana nuna mini tumaki, ni kuwa ba na ganin komai sai farin layi. Ya gyara mini sunan garin ma: ba "Masham" da "sh" ake faɗa ba, Masam ake cewa, duk wanda ya ce Masham an san baƙo ne.

Garin ƙarami ne, mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba, amma filin kasuwarsa sai ka ce na birni. Fili ne fetal, gidajen dutse sun kewaye shi, hasumiyar cocin St Mary ta miƙe daga kusurwa ɗaya. Na tambayi Baba me ɗan wannan gari zai yi da fili haka. Ya ce tumaki. Tun 1250 garin ya sami takardar izinin cin kasuwa daga sarki, kuma manyan gidajen ibadar da ke kusa, Fountains da Jervaulx, garkunan tumaki gare su ba kaɗan ba a wancan zamanin. A zamanin da cinikin yake ganiyarsa, dubban tumaki ake korowa nan a sayar. Har yau suna bikin tumaki duk watan Satumba. Sai na ga filin da wani ido: kara ce. Na hango dillalai suna taɓa gadon baya suna buɗe baki suna duba haƙora, kamar dai Wudil ranar Juma'a, sai dai su da manyan riguna na ulu. Inda kuwa aka ci kasuwar dabbobi, dole a sami inda makiyayi da falke za su zauna su jiƙa maƙogwaro su ƙarasa ciniki. Mu mai shayi da mai fura muke da su. Su mashaya.

Laraba da Asabar kasuwar ke ci. Ranar rumfuna kaɗan ne, mai cuku, mai kayan miya, mai furanni, mai kifi a cikin mota. Ba mai kiran ciniki, ba mai jan rigarka. Kuɗin ajiye mota ma wani ɗan akwati ne a gefe, ka jefa abin da ka ga dama, ba mai tsaye a kansa. Na daɗe ina kallon akwatin nan.

Kafin mu shiga ko'ina hancina ya riga ya gaya mini sana'ar garin. Wani ƙamshi ne mai nauyi yake yawo a iska, kamar an jiƙa hatsi an ɗora a wuta, zaƙi-zaƙi da ɗan ɗaci a ƙarshe. Na san shi, amma na kasa tuna inda na san shi sai can da yamma.

Kamfanonin giya biyu ne a wannan ɗan gari, kuma labarinsu labarin gida ɗaya ne. Theakston ta fara a 1827. Aka yi ta gado har 1984, lokacin da wani kamfani ya saye ta, shi ma a 1987 babban kamfanin Scottish & Newcastle ya haɗiye shi. Ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, Paul Theakston, ya ƙi zama ma'aikaci a gidan kakanninsa. Ya fita, a 1992 ya fara dafa tasa a wani tsohon gini a cikin garin, ya sa mata suna Black Sheep, baƙar tunkiya. A bakinsu baƙar tunkiya ita ce ɗan da ya fita zakka a dangi, ga shi kuma garin tumaki ne, sunan ya zauna daram. A 2003 wasu 'yan'uwa huɗu daga zuri'ar suka sake sayo Theakston ta dawo hannun gida. Baba ya ba ni labarin nan yana ɗaga murya kamar mai ba da labarin rikicin sarauta, har da ɓangaren da yake goyon baya.

Mashayar da muka shiga ba ta da wani kwarjini daga waje. Ƙofa ce gajera, sai da na sunkuya. Ciki kuwa ba abin da na zata na gani ba. Na zaci hayaniya da kiɗa da mutane suna tangaɗi. Sai na tarar da ɗaki mai ƙasan dutse, rufin ya yi ƙasa-ƙasa da baƙaƙen azara, wuta na ci a murhu, wasu tsofaffi biyu suna buga domino, wata mata da jaridarta, iyali guda da yara suna cin abinci a lungu. Ba talabijin. Sai karnuka, har uku, kowanne kwance a ƙarƙashin teburin ubangidansa kamar shi ma ya biya kuɗin zama. Ɗaya ya taso ya nufo ni yana kaɗa jela, na tattare ƙafar wandona da sauri don da shi zan yi salla. Mai shi ya lura, ya kira shi, ya ba ni haƙuri. Ban yi bayani ba, shi ma bai nema ba.

A pub ba mai zuwa teburinka ya tambaye ka abin da kake so. In ka zauna jira, sai ka kwana. Kai za ka je kanta ka faɗa, ka biya nan take, ka ɗauko da hannunka. Ba a yin layi, amma kowa ya san wanda ya riga shi, mai sayarwa ma ta sani, kuma in ta yi kuskure ta nufo ka, kai ne za ka nuna mata wanda ke gabanka. Na ga an yi haka sau biyu.

A kan kantar akwai wasu dogayen mariƙai guda biyar a tsaye, na katako da tagulla, kowanne da tambarin giyar da yake jawowa. Famfo ne na hannu, ba wuta ba iskar gas, ɗan'uwan tuƙa-tuƙan da ke bakin masallacin unguwarmu. Matar da ke riƙe da gidan, wata kakkaura mai furfura, ta kama ɗaya ta ja shi zuwa ƙirjinta a hankali, ta sake shi ya koma, ta sake ja. Bakin famfon dogo ne mai lanƙwasa, ta nutsa shi har gindin kofin. A ƙarshensa akwai wani ɗan murfi mai ƙananan huji, shi ke fesa giyar ta fito fari fat kamar madara. Ta ajiye kofin a kan kanta. Baba bai taɓa ba. Muka tsaya mu uku muna kallo, farin nan yana hawa sama a hankali, ƙasa tana komawa ja mai duhu kamar zoɓo da ya ji wuta, har kumfa ta tsaya a sama kauri ɗaya da yatsa. Sannan ta ƙara ɗan ja guda ta cika.

Baba ya ce mini wannan ɗan murfin shi ya raba Ingila biyu. 'Yan arewa ba sa shan giya sai da kumfa mai kauri, 'yan kudu kuwa, su Landan, cewa suke murfin yana kashe ɗanɗano, kuma kumfa cuta ce a awo. Na ce ashe kowace ƙasa da arewarta da kudunta.

Ta juyo gare ni ta kira ni da wata kalmar ƙauna da matan nan ke jefa wa kowa, yaro da babba, ta ce me zan sha. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ni dai ban ɗaura ba. Na ce lemo. Ta ce akwai na citta mai kyau, ta ɗauko kwalba, sai na ga an rubuta ginger beer a jiki. Na ja da baya. Ta gane, ta juya mini bayan kwalbar ta nuna da yatsa, ta ce wannan ba barasa a ciki, amma na yi daidai da na duba, don akwai irin da ake sa wa. Na karanta da kaina har ƙasa kafin na karɓa. Yaji gare shi mai kama maƙogwaro, ya tuna mini da lemon cittar da ake ƙullawa a leda lokacin azumi.

Abin da Baba ya fara da shi mai sauƙi ne, wanda suke kira bitter, barasarsa ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. Kofin kuwa pint ne, mililita 568, ya ɗan haura rabin lita. Ya ɗaga shi ya kalli wutar murhu ta cikinsa, ya shinshina, ya kurɓa, ya yi shiru. Sai ya ce, "Tana kula da ɗakin ƙasanta." Wannan, na gane daga baya, shi ne iyakar yabon da ake yi wa mai mashaya.

Na ce ya fahimtar da ni, me ya sa wannan ta zama ta gaskiya, sauran na ƙarya ne?

Ya gyara zama, malantar ta motsa. Ya ce giyar da ke cikin gwangwani da wadda ake turowa da gas duk an tace su, yawanci an dafa su an kashe duk abin da ke da rai a ciki, sannan an ɗura musu iska don su yi ƙyalƙyali. Irin wannan za ta yi watanni ba ta canza ba, kuma kowane yaro zai iya sayar da ita. Ita kuwa ta gaskiya, da yistinta a raye ake zuba ta a ganga, ta bar kamfani ba ta gama nuna ba, a ɗakin ƙasan mashaya take ƙarasawa. In an buɗe ganga, kwana uku ne ko kusa da haka, ko a shanye ko ta yi tsami a zubar.

Na ce, "Baba, ai kindirmo kake faɗa mini." Na ba shi labarin nonon da Bafulatana ke kawowa a ƙwarya, wanda na safe daban na yamma daban, da kuma yogot ɗin roba da ke kwana wata a firjin kanti. Ya buga tebur ya ce shi ke nan, na gama karatun.

A shekarun 1960, in ji shi, manyan kamfanoni shida suka mamaye harkar, suka saye ƙananan, suka cika mashayu da ta gas saboda ta fi sauƙi da riba. Famfunan hannu suka fara ɓacewa. A 1971 wasu samari huɗu 'yan Ingila suna hutu a Ireland suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare ta gargajiya, kuma su ne suka yaɗa wannan suna na real ale. Aka yi musu dariya, aka ce masu gemu da tumbi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, mambobinta sun haura 100,000, Baba ɗaya ne daga ciki, ya zaro katin daga walat ya nuna mini kamar katin jam'iyya.

Wajen ƙarfe biyu wasu abokansa biyu suka iso, nan na gamu da matsalar da ban yi shirinta ba. Al'adarsu in ana zaune tare, mutum ɗaya ne zai tashi ya sayo wa kowa, in an shanye na gaba ya tashi, haka har ya zagayo. Ba a lissafi a fili, amma kowa na lissafi a zuci, kuma wanda ya sha na mutane ya zame kafin nasa ya zo, sunansa ya ɓaci a gari. Na sha lemon Baba, na sha na mutum na biyu, na sha na na uku. Saura ni. Ni kuwa zama ɗaya ne, sayen giya da kuɗina wani abu ne daban, wannan kam ba zan yi ba. Cikina ya ɗuri ruwa, ba na lemo kaɗai ba.

Na ce musu gaskiya. Na ce addinina ya hana ni saye kamar yadda ya hana ni sha, amma ba zan ci na mutane in naɗe hannu ba, abincin rana nawa ne. Aka yi ɗan shiru. Sai ɗayan, wani manomi mai hannuwa kamar faranti, ya ce tun da yake zuwa gidan nan ba a taɓa yi masa tayin da ya fi wannan riba ba, ya miƙa hannu ya ɗauko takardar abinci. Kifi da dankali muka ci, na roƙi a gasa nawa don ƙullun da suke soya kifi da shi ma wani lokaci da giya ake kwaɓa shi. Kuɗin ya fi na zagayen giya nesa ba kusa ba. Ban yi nadama ba, amma na ji a jikina.

Na fita na gangara bakin kogin Ure na yi salla a kan ciyawa, na haɗa azahar da la'asar, tumaki a tsallake suna kallona. Da na dawo na tarar Baba ya roƙi matar ta nuna mini ɗakin ƙasa.

Matakala ce ta dutse mai santsi, sai ka dafa bango. Sanyin wurin ba na firji ba ne, irin na randa ne a lungun ɗaki. Ta nuna mini ma'aunin zafi a bango, ta ce tsakanin digiri 11 da 13 ake so, in ya fi haka giyar ta lalace da wuri, in ya gaza ɗanɗanon ya ɓuya. Gangunan suna kwance a jere a kan wani gado, kowacce an ɗan karkata ta. Yawancinsu na ƙarfe ne, ɗaya ce ta katakon oak da ɗamarar ƙarfe, don Theakston har yanzu tana riƙe da maƙerin gangar katako, sana'ar da ta kusa ƙarewa a ƙasar. Ƙaramar ganga galan 9 take ci, kofi 72 ke nan.

Ta tsuguna gaban wata da aka kawo shekaranjiya. A bayanta akwai toshi, ta ɗora wani ɗan tsinke mai kauri a tsakiyarsa, ta ɗauki guduma ta katako ta buga sau ɗaya. Gangar ta yi tsaki, kumfa ta tsattsafo ta gefen tsinken. Ta ce wannan itacen mai laushi ne, iska na bi ta cikinsa, za ta bar shi har giyar ta huce. In ta huce sai ta canza shi da mai tauri ya toshe. Kullum dare in an tashi sai ta sauko ta toshe waɗanda ake sha, da safe ta buɗe. Ganga kuma in an kwantar da ita ba a motsa ta, don yistin ya kwanta a ciki, in ka girgiza ka mayar da aikin kwana biyu baya. Abin da ke taimaka masa ya kwanta, in ji ta, wani sinadari ne da ake samu daga jakar iskar da ke cikin kifi. Ta tsiyayo kaɗan a kofi ta ɗaga wa fitila, ta shinshina, ta girgiza kai. "Gobe," ta ce.

A nan ƙamshin nan na safe ya faɗo mini. Lokacin bautar ƙasa a wani ƙauye a Filato, bayan gidan da aka sauke mu akwai wata mata mai dafa burkutu. Ta jiƙa dawa ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta kwana tana juya manyan tukwane. Ita ma haka take ɗanɗana da ƙoƙo ta ce ba ta yi ba sai gobe, ita ma in ta kwana biyu ba ta ƙare ba asara ce, kuma ranar kasuwa take auna dahuwarta. Muna wucewa muna toshe hanci, ba mu taɓa ɗaukar abin a matsayin gwaninta ba. Na faɗa wa matar. Ta ce a Ingila ma da can mata ne ke dafawa a gida, in ta nuna sai su kafa sanda a ƙofa don masu wucewa su sani. Ta tambaye ni sunan abin, na maimaita mata sau uku, ta kasa.

Baba ya ajiye wata giya mai suna Old Peculier sai ƙarshe, baƙa ce wuluk, barasarta kashi 5.6 cikin 100, kuma rabin kofi ya nema. Sunan, in ji shi, daga wata tsohuwar kotun coci ya samo asali, wadda aka ba Masham ikon yi wa kanta shari'ar al'amuran coci ba sai jami'an York sun zo ba. Ya ce matarsa ita wannan take sha, rabi, a wancan teburin na kusa da taga. Ya kalli teburin. Wasu matasa ne a kai suna duba waya. Bai ƙara magana ba har ya shanye, abokan nasa ma ba wanda ya ce uffan, manomin ya tashi ya ƙara itace a murhu duk da ba aikinsa ba ne.

Kofi uku da rabi ya sha tun daga azahar har bayan magariba, kuma da ƙafarsa ya taka zuwa mota, sai dai surutu ya ƙaru. Ya dage sai mun tsaya a Ripon, don kullum ƙarfe 9 na dare akwai mai busa ƙaho a dandalin garin, al'adar da suka ce ta haura shekara dubu. Muka isa saura minti goma. Na kashe mota na juya in ce masa mun zo, na tarar ya yi barci, baki buɗe, hularsa a cinya.

Na rufe shi da rigarsa na fita ni kaɗai. Mutum bakwai ne a dandalin, da ni na takwas. Wani mutum ya fito da doguwar riga da hula mai kusurwa uku, ya tsaya a gindin dogon ginshiƙin da ke tsakiyar fili, ya ɗaga ƙaho ya busa, dogon sauti guda mai kauri kamar kukan sa. Ya taka zuwa kusurwa ta biyu ya sake, ta uku, ta huɗu. Da na koma mota Baba ya buɗe ido ɗaya ya ce, "An busa?" Na ce an busa, Baba. Ya ce madalla, ya koma barcinsa, ni kuma na kama hanyar Leeds ina ta tuna wa kaina hagu, hagu.